RUMFAR ITACEN GIRKI: YADDA ZA KA GINA TA A GIDA DA KUƊI KAƊAN

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. Ba mai girbe dawa ya zube ta a tsakar gida ruwa ya doke ta. Amma itacen da za a dafa dawar, sau da yawa a ƙasa ake yasar da shi, ko a jingine shi jikin katanga. Ruwa ya jiƙa shi, gara ta ci rabonta, abin da ya rage ya ƙi kama wuta. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka yi wa itace rumfa tasa da kayan da ke kusa da kai, da yadda za ka jera shi ya bushe, ya kai ka ƙarshen damina. An shirya ta ne domin manoman ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, amma kowa na iya aiki da ita.

ME YA SA AKE BUKATAR RUMFAR ITACE?

A wannan yanki namu ruwa yakan sauka a watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Yawan ruwan shekara yakan kai tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba. Lokacin marka ke nan. A lokacin ne aikin gona ya fi yawa, ba mai sararin zuwa neman itace, hanya ta ɓaci, dami ya yi tsada a kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi shi, har da itace.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba sai an faɗa wa mutumin Zamfara ba. Shiga daji mai nisa yau kasada ce. A damina ciyawa ta yi tsawo, dawa ta rufe gonaki, ba ka hango abin da ke gabanka. Duk tafiyar da ka rage wa kanka, ko wa yaranka da matan gida, riba ce babba. Gidan da ya tara itace tun rani ba ya aika yaro daji a watan Agusta.

Sai maganar shi kansa itacen. Ɗanyen itace da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan ka sa shi a murhu, wutar sai ta fara ƙone wannan ruwa tukuna kafin ta taɓa tukunya. Shi ya sa za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin girki. Itacen da ya bushe sosai kuwa, ruwan jikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Yana kamawa nan da nan, yana ba da zafi mai yawa, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa tuwo.

Hayaƙin nan ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin girki ke jawowa, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Uwargida da goyon da ke bayanta su suka fi shaƙarsa. Yana jawo tari, da ciwon haƙarƙari ga ƙananan yara, da ciwon ido. Busasshen itace ba ya kawar da hayaƙi gaba ɗaya, amma yana rage shi ƙwarai.

ABOKAN GABAR ITACE

Kafin ka kafa dirka, ka san da wa kake faɗa:

1. Ruwan sama. Yana jiƙa itace daga bisa, hadari kuma yana feso shi daga gefe.
2. Danshin ƙasa. Itacen da ke kwance a ƙasa yana tsotsar laima ko da ba a yi ruwa ranar ba. Na ƙasa ya ruɓe, ya yi funfuna.
3. Gara. Ta cikin ƙasa take zuwa. Inda itace ya taɓa ƙasa, nan ce ƙofarta.
4. Rashin iska. Itacen da aka cusa cikin ɗaki rufaffe, ko aka lulluɓe da leda har ƙasa, gumi yake yi, ba ya bushewa.

Saboda haka rumfa mai kyau sharaɗi uku gare ta: rufi a sama, itace ya rabu da ƙasa, iska ta ratsa ta gefe. In ka riƙe waɗannan, ko da wane irin kaya ka yi ginin zai yi aiki.

NAWA GIDANKA YAKE CI?

Kada ka yi gini da ka. Ka fara aunawa. Ka tambayi uwargida dami nawa ake ƙonawa daga Juma'a zuwa Juma'a. Daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Oktoba mako 20 ne. Idan gidanka yana cin dami 3 a mako, to kana bukatar dami 60. Ka ƙara kamar 10 saboda suna, ko baƙi, ko ruwan wankan mai jego. Idan akwai mai sana'ar ƙosai ko waina ko dafa shinkafar sayarwa a gidan, a yi lissafin nata daban.

Bayan haka ka jera itacen mako guda a wuri ɗaya, ka ga filin da ya ci. Irinsa 20 rumfar za ta ɗauka. Awon da za mu bayar a nan na matsakaicin gida ne: tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 4. Idan gidanka babba ne, ka ƙara tsawon, ka ƙara dirkoki. Amma kada ka ƙara faɗin, don iska ba za ta kai tsakiya ba, hannu ma ba zai kai ba.

ZAƁEN WURI

(a) Ka zaɓi wuri mai ɗan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka tuna inda ruwan tsakar gida ya bi bara, ka kauce masa. Ka kauce wa bakin rariya da ƙarƙashin indararo.

(b) Wurin ya zama rana tana samunsa. Gindin mangwaro ko inuwar dogon-yaro wurin hutun mutum ne, itace ba ya bushewa a nan.

(c) Ka bar aƙalla taku 10 tsakanin rumfar da murhu, da rumbun hatsi, da ɗakin jinka, da inda ka tara harawa. Gobarar ɗari ba ta sallama. Tartsatsi ɗaya in iska ta ɗauke shi ya isa.

(d) Kada ka manna rumfar jikin katanga ko bangon ɗaki. Ka bar ƙafa 2 ko 3, yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya. In ka manna, garar itace za ta hau bango ta kama azarar ɗakinka.

(e) Idan akwai suri kusa, ka sake wuri.

(f) Wannan shi ne babba: bayan rumfar ya dubi gabas. A ƙasarmu hadari mai iska daga gabas yake tasowa. Dubi katangun garinku, za ka ga ɓangaren gabas ne ruwa ya fi zaizayewa. Saboda haka gefen da ya fi gajarta, wanda za a rufe da zana, shi zai fuskanci gabas. Baki ya dubi yamma.

KAYAN AIKI

Dirkoki 6 masu gwafa a kai, kaurinsu kamar dantsen babban mutum ko fiye. Kirya ta fi, don gara ba ta cinta da sauri. Azarar giginya ma tana jurewa. In babu, marke ko dogon-yaro ko turare za su yi, muddin an gyara gindinsu yadda za a bayyana.

Dogayen sanduna 2, ƙafa 11 kowace, waɗanda za a ɗora a kan dirkoki.

Sanduna 6 ko 7 na ƙafa 8, na gangaren rufi, da sirara 4 na tanka. Gora tana yi.

Sanduna 4 masu ƙarfi na ƙafa 8, waɗanda itace zai hau kansu.

Duwatsu 12 masu faɗin kai, tsayin inci 9 zuwa 12. Dutse ba ya wuya a ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe. Wanda ke cikin garin Gusau ya nemi tsofaffin bulo.

Abin rufi: ciyawar jinka, ko tsohon kwano wanda zai rufe ƙafa 11 da ƙafa 7.

Zana 1 ko 2, ko karan dawa.

Igiyar rama ko ta kaba, ko waya. Ƙusa idan kwano za a sa.

Toka kwano 3 ko 4, da tsakuwa ko marmara.

Dagi, gatari, adda, fartanya, da igiyar awo.

Ka ga yawancin kayan nan a gona da bayan gari suke. Abin da zai ci kuɗi bai wuce ƙusa da waya da tsohon kwano ba. In da ciyawa ka rufa, ko wannan ma babu. Mutum biyu za su gama aikin cikin kwana biyu idan kaya sun haɗu. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya yin gayya, yau gidan wannan, gobe gidan wancan.

YADDA AKE GININ

Mataki na 1. Share wuri da awo. Ka share fili ƙafa 12 da ƙafa 8. Ka cire kututture da saiwa da duk wani ruɓaɓɓen itace da ke binne, don abincin gara ne. Ka kafa turaku huɗu, ƙafa 8 da ƙafa 4, tsawon ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Don ka san awo ya yi daidai, ka ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare da ita, sa'an nan ka gwada ɗaya ɓangaren. In tsawon igiyar ya zo ɗaya, kusurwoyinka sun daidaita.

Mataki na 2. Gyaran gindin dirka. Ka ɓare ɓawon dirkokin duka. Ka hura wuta nesa da gida, ka babbake gindin kowace, kamar ƙafa 2 da rabi, har bayanta ya yi baƙi, amma kada wutar ta ci ciki. In kana da baƙin man inji ka shafa wa wurin da zai shiga ƙasa. Gindin dirka kaɗai za a shafa wa, ban da itacen girki.

Mataki na 3. Haƙa da kafi. Ramuka 6 ne, uku a gabas, uku a yamma, ƙafa 4 tsakanin kowane biyu. Zurfi ƙafa 2. Ka zuba tsakuwa kaɗan da toka a ƙasan rami, ka sa dirka, ka riƙa cikawa kana dannawa da gindin dagi har ta tsaya ƙyam.

Tsayin dirka ya danganta da rufin da za ka yi. In kwano ne, na yamma su tashi ƙafa 6 da rabi daga ƙasa, na gabas ƙafa 5 da rabi. In ciyawa ce, na yamma ƙafa 7 da rabi, na gabas ƙafa 4 da rabi. Dalili kuwa, ciyawa tana son gangare sosai. In jinka ta kwanta, ruwa zama yake yi a cikinta, ta ruɓe, ta yi yoyo tun damina ba ta raba ba. Wajen saran dirka kada ka manta ka ƙara ƙafa 2 na cikin rami.

Mataki na 4. Daɓe. Ka ciko ƙasa ko marmara a cikin awon har ta fi tsakar gida tudu da kamar inci 6. Ka yayyafa ruwa ka daɓe sosai. In ya sha iska ka barbaɗa toka.

Mataki na 5. Gadon itace. Ka jera duwatsun nan layi huɗu, uku uku. Ka ɗora sanduna huɗun a kansu, su miƙe bisa tsawon rumfar. Biyu na jerin baya ne, biyu na jerin gaba. In kana da guntayen tsohon kwano, ka sa ɗaya a kan kowane dutse kafin sanda ta hau, ka lanƙwasa bakinsa ya dubi ƙasa. Gara in ta hawo dutse sai ta yi gini ta zagaye kwanon, ka ga kuwa nan za ka gan ta. Ƙarƙashin gadon ya zama fayau, yadda za ka iya leƙawa, tsintsiya ta shiga, kaji ma su shiga su tsince ƙwari.

Mataki na 6. Rufi. Ka ɗora dogayen sandunan a cikin gwafa, ɗaya gabas ɗaya yamma, ka ɗaure tamau. Ka jera na gangare a kansu, ka bi da tanka. Rufin ya zarce dirkoki da ƙafa 1 da rabi ta kowane gefe. In ciyawa ce, ka fara baibaya daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasa da shi, kaurin ya kai inci 5 ko 6. In tsohon kwano ne, ka ɗaga shi ga rana ka ga hujojinsa, ka toshe su da kwalta ko ƙyalle da ƙaro. Ka buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba. Ka ƙara ɗaure shi da waya. Ɗora dutse kawai a kan kwano ba dabara ba ce, iskar farkon damina tana iya yaye shi ya sari mutum ko dabba.

Mataki na 7. Gefe. Ka ɗaura zana a bayan rumfar, wato gabas, amma ta tsaya kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa. Kudu da arewa ka sa kara ko sanduna jefi-jefi, yadda hannu zai iya ratsawa. Yamma a bar ta buɗe. Ka ajiye wata zana ko tsohon buhu da za a rataya a bakin in ruwa ya juyo, a ɗage da zarar ya ɗauke.

Mataki na 8. Hanyar ruwa. Ka haƙa 'yar rariya a bayan rumfar, daidai inda ruwan rufi zai zuba, ka kai ta inda ruwan gida yake fita. Ka zuba tsakuwa a ciki don kada ruwan ya fantsamo.

SHIRYA ITACEN KAFIN YA SHIGA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin tara itace shi ne daga gama girbi, wajen Nuwamba, zuwa ƙarshen Fabrairu. Iskar ɗari ita ce babbar mai busarwa, kuma kyauta take yi. Ka yanka itacen kamu ɗaya ɗaya, wato kamar ƙafa 1 da rabi. Duk wanda ya fi dantse kauri ka faskara shi tun yana ɗanye. Ɗanye ya fi sauƙin faskare, kuma faskare ya fi gungume saurin bushewa nesa ba kusa ba, don ɓawo yana riƙe ruwa. Faskaren da aka jera a lokacin ɗari yakan bushe cikin wata biyu zuwa uku. Manyan guntayen kirya da marke sukan fi haka daɗewa.

Ga yadda za ka gane busasshe: bakinsa ya tsattsage, ɓawo yana saɓulewa, ba shi da nauyi kamar da, in ka gwara biyu sai ka ji ƙara ƙwal, ba dum ba. In ka sa a wuta ba ya tsuwa.

YADDA AKE JERAWA

Jeri biyu za ka yi, na baya da na gaba, ka bar inci 6 tsakaninsu. Kan itacen ya dubi gabas da yamma, yadda iska za ta bi ta tsakaninsa. Manya a ƙasa, ƙanana a sama. A ƙarshen kowane jeri ka yi gicciye, layi ɗaya tsaye layi ɗaya kwance, don kada jerin ya zube. Kada ka matse shi ƙwarai. Ka bar taƙi ɗaya tsakanin itace da rufi. In akwai ƙananan yara a gidan, jerin gaba kada ya wuce ƙirjin babba, kuma a hana su hawa.

Ka raba rumfar biyu a dirkar tsakiya. Ɓangare ɗaya na busasshe, ɗaya na sabo. A riƙa ɗiba daga tsohon tukuna. Kirare da totuwar masara na hura wuta a sa su cikin tsohon buhu, a rataye a ƙarƙashin rufi. Uwargida da ke da busassun kirare ba ta bukatar leda ko kananzir wajen hura wuta.

KARAN DAWA DA KARAN AUDUGA

Gidaje da yawa suna haɗawa da kara, kuma hakan yana rage cin itace. Amma akwai abin lura. Tsutsar da ke huda karan dawa da masara a cikin busasshen kara take kwana duk rani. In ruwa ya sauka sai ta zama malam-buɗe-littafi irin na dare, ta tashi ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Haka jar tsutsar auduga take fakewa a cikin ragowar ƙwallon da ya saura jikin karan auduga. Saboda haka kara shi za a fara ƙonawa. Ka yi girki da karan auduga da na dawa a lokacin rani, ka tabbata sun ƙare kafin ruwan shuka, ka bar faskare domin damina. In ka yi haka ka sami makamashi, ka kuma rage ƙwarin gonarka da ta maƙwabcinka. Karan da za ka yi gefen rumfa da shi, ka shanya shi a ƙasa cikin rana sosai tukuna, ko ka ɗan babbake shi.

ABIN DA BA A SAWA A MURHU

Kada a yi girki da katakon da aka yi wa fenti ko magani, ko guntun turken lantarki, ko taya, ko leda, ko itacen tinya. Hayaƙinsu guba ne. Haka kuma kada ka fesa wa itacen girki maganin ƙwari don gudun gara. Abin da ka fesa, shi iyalinka za su shaƙa.

KULA DA RUMFAR

Kowane mako ka leƙa ƙarƙashin gado da gindin dirkoki. In ka ga ginin gara ka kankare, ka zuba toka mai yawa. Ka share ganye da ciyawa kewaye da rumfar. Maciji da kunama da ɓera suna son tarin itace, amma ba su cika zama inda ke a share, mai haske, wanda ake taɓawa kullum ba. Duk da haka a riƙa ɗibar itacen dare tun da sauran rana. In dole sai da dare, a tafi da tocila, a bubbuga jerin da sanda kafin a sa hannu. Kada a je da aci-balbal ko bakin wuta. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan take.

A watan Afrilu ka duba rufi da ɗauri, ka sake igiyar da ta tsinke, ka yashe rariya. Jinka mai kyau takan yi damina biyu ko uku kafin a sake ta.

INA ITACEN ZAI FITO?

Rumfa tana adana itace ne, ba ta haifar sa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya maka yadda daji ya ja baya tun daga lokacin. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa saboda kwararowar hamada. Don haka itacen da ya fi arha da aminci shi ne na gonarka.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna hanya. Tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani. In sun zo sharar gona ba sa sare duk tohon da ya fito daga kututturen kalgo, sabara, geza ko marke. Sukan zaɓi biyu zuwa biyar mafi miƙewa su bari, su sare sauran, su rage ƙananan rassan ƙasa. Cikin 'yan shekaru toho ya zama itace, don saiwarsa tsohuwa ce, ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Abin da aka rage kowace shekara shi ne itacen girki.

Kai ma ka gwada a gonarka bana. Ka kuma dasa dogon-yaro ko bagaruwa a kan iyaka a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙu sosai, ka kare su daga awaki. Dogon-yaro in an sare reshensa yana sake tohowa. Wajen sara ka yi amfani da kaifin gatari, ka sari reshe daga ƙasa tukuna kafin sama don kada ya yage jikin itacen. Kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa a shekara guda. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kanya da gawo, amfaninsu a tsaye ya fi amfaninsu a murhu. Busassun rassansu kawai za ka ɗauka. In za ka sari itace a gandun daji ko wani wurin da ba naka ba, ka nemi izinin malamin daji tukuna.

A ɗakin girki ma ana iya rage ci. A kewaye murhu da yumɓu don iska ta daina kwashe wuta. A rufe tukunya. A jiƙa wake kafin a ɗora. In an sauke a zare ragowar itacen a kashe shi da ƙasa, gobe ya yi aiki. A bar taga ko kafa a buɗe don hayaƙi ya fita, a kuma nisanta jariri da bakin murhu.

AIKIN KOWANE LOKACI

Oktoba zuwa Nuwamba: yankan ciyawar jinka da gamba, neman dirkoki da duwatsu.
Nuwamba zuwa Disamba: ginin rumfa.
Disamba zuwa Fabrairu: rage rassa, faskare, jerawa. Girki da kara.
Maris zuwa Afrilu: cike giɓi, gyaran rufi da rariya, sassaben zamani a gona.
Mayu: kara ya ƙare, rumfa ta cika.
Yuni zuwa Oktoba: ɗiba daga busasshe, duba gara kowane mako, dashen itatuwa.

KA TUNA

Rufi a sama, dutse a ƙasa, iska a gefe.
Baya gabas, baki yamma.
Taku 10 daga murhu da rumbu.
Kara da rani, faskare da damina.
In ka sari ɗaya, ka raini biyu.

In kana son ƙarin bayani, ko kana neman dashen itatuwa, ka ga malamin gona ko malamin daji na yankinku, ko ka je sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu. In ka gama karanta wannan takarda ka karanta wa maƙwabcinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.